Mama Mai Sanarwa da Amsa-kuwwar Tasha

Mahaifiyata ta yi shekara ashirin da shida tana aikin sanarwa a tashar jirgin ƙasa. Ita ce muryar da ake ji daga lasifika tana cewa jirgi kaza zai tashi daga dandamali kaza, a ja baya daga bakin layi, an tsinci jaka, ana cigiyar wata tsohuwa mai sanda. Mutanen unguwarmu Mai Sanarwa suke kiranta. Mu a gida Mama muke ce mata.

Ɗakin aikinta wani ɗan keji ne na gilashi a saman matakala, yana kallon babban zauren jiran fasinjoji. Tebur ɗaya ne a ciki, da kujera mai juyawa wadda ƙafarta ɗaya ta gaji, da makirufo mai dogon wuya, da littafin lokutan jirage da gefensa ya yi baƙi saboda yatsunta. Ina ƙarama, in an tashe mu daga makaranta can nake wucewa in zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ina aikin gida. Zauren kuwa ƙato ne, rufinsa na ƙarfe can sama, daɓensa na dutse mai santsi, bangonsa babu ko labule. In mutum ya yar da mukulli a wannan kusurwa, sai ƙarar ta zaga ta dawo masa daga waccan.

A gida Mama saurin magana gare ta, kafin ka buɗe baki ta gama faɗa ta koma kicin. Amma da ta zauna gaban makirufo sai ta zama wata daban. Ta faɗi kalma uku, ta tsaya. Ta ƙara huɗu, ta sake tsayawa. Wata rana na tambaye ta me ya sa take magana kamar mai ƙirga allurai. Ta ce, "Zauren nan yana maimaita duk abin da na faɗa. In ban jira ya gama ba, sai maganarmu ta haɗu, babu wanda zai fahimci ko ɗaya." Kuma ba ta taɓa cewa dandamali na biyar kawai ta wuce ba. Sai ta ce, "Na biyar. Biyar, yatsun hannu guda." Ta ce a cikin wannan zaure biyu da biyar kusan abu ɗaya ne a kunne.

Tana da shekara hamsin da huɗu aka kawo sabon manaja, matashi mai tsafta, mai son komai ya tafi da kansa. Bai yi wata shida ba aka sa na'urar da ke karanta sanarwa da muryar wata mace da ba ta gajiya, ba ta tari, ba ta zuwa hutu. Aka yi wa Mama ɗan taro, aka ba ta takardar yabo a cikin gilashi da fulas ɗin shayi. Ta karɓa, ta yi godiya, ta dawo gida ta tura takardar bayan kabad. Fulas ɗin kuma Baba ya gaje shi.

Baba gyaran agogo yake yi a barandar gida, da ɗan gilashinsa manne a ido. Mutum ne mai son tsokana. Satin farko na ritayarta ya ce mana, "To, yanzu tasha ta dawo gida. Ku saurara za ku ji: sanarwa, sanarwa, wanda ya bar kofi a ƙasa ya zo ya ɗauka kafin jirgi ya tashi da shi." Mama ba ta yi dariya ba. Ta share gidan har wuraren da tsintsiya ba ta taɓa shiga ba, ta wanke labulen da ba su yi datti ba. In ta ji kukan jirgi daga nesa sai ta kalli agogon bango ta ce, "Ya makara da minti shida," ta ci gaba da abin da take yi.

Yayana shi ma a tashar yake aiki, a tagar sayar da tikiti. Ni kuma ina kantin magani. In ya zo gaishe su ba ya kawo zancen tasha, ita ma ba ta tambaya.

Wajen wata uku bayan haka wani tsohon ɗan dako da suka daɗe tare a tashar ya zo gaishe ta. Ya zauna a baranda kusa da Baba, ya sha shayi, yana ta juya hularsa a hannu. Can ya ce, "Mai Sanarwa, ni yanzu aiki biyu nake yi. Ga ɗaukar kaya, ga fassara. Da abin nan ya yi magana sai mutane su yo kaina, me ta ce, me ta ce? Ni ma ban ji ba, allo nake dubawa." Sannan ya ba ta labarin wata mata da ta zo da mijinta a keken guragu, za ta kai shi babban asibiti inda likita ya ba su rana. Matar ba ta iya karatu ba. Ta ji an ce dandamali na biyu, ta tura keken har can, ta zauna tana jira. Jirgin ya tashi daga na biyar. Ya ce da ya same su matar ba ta yi kuka ba, sai dai ta riƙa gyara wa mijin bargo a ƙafa, tana gyarawa tana sake gyarawa.

Da ya tashi tafiya Mama ta raka shi bakin ƙofa. Washegari da safe ta sa kayanta na fita, ta tafi tasha, ta tsaya a tsakiyar zauren ta saurari sanarwa huɗu. Daga nan ta hau ofishin manaja.

Ita da kanta ta ba mu labarin yadda aka yi, tana cire takalmi da ƙarfi. Ofishin akwai kafet mai kauri da labule har ƙasa. Ya karɓe ta da fara'a, ya sa aka kawo mata ruwa. Da ta gaya masa mutane ba sa jin na'urar, sai ya juyo da kwamfutarsa ya kunna mata muryar. Ta fito garau, kowace kalma a wurinta.

Ya ce, "Kin ji ai, Hajiya. Ina matsalar?"

Ta ce, "A ofishinka ne babu matsala. Sauko ƙasa ka ji."

Ya ce kamfanin da ya kawo ta ya gwada, kuma yana da takardar gwajin. Ta ce to ya ba ta makirufo minti biyar, ta karanta sanarwa ɗaya yadda ta saba, na'urar ta karanta irinta, a tambayi mutanen da ke zaune. Ya yi murmushi ya ce doka ba ta yarda wanda ba ma'aikaci ba ya taɓa kayan aiki. Da ya rako ta bakin ƙofa ya ƙara da cewa, a hankali, kamar mai lallashi, "Na san ritaya akwai ciwo, Hajiya. Da sannu za ki saba."

Wannan maganar ce ta tsaya mata a wuya. Ta ce, "Wai ni ce zan saba. Matar nan da keken guragu ita ma ta saba ko?"

Baba ya ce, "To ya za ki yi? Zauren nasu ne. Ba za ki ɗauko shi a ka ki kawo gida ba."

Ni ce na ce wataƙila za a iya. A kantinmu akwai wata abokiyar aikina da ke naɗar karatun labarai a waya, na taɓa ganin ta buɗe wani shafi a intanet tana ƙara wa muryarta amo don ta yi kauri. Ba sai an sauke wata manhaja ba, buɗe shafin kawai ake yi, a ɗora muryar da aka naɗa, a zaɓi irin ɗakin da ake so ta yi kamar a cikinsa aka yi ta. Ranar Asabar da hantsi na ɗauko tsohuwar kwamfutata na ajiye a teburin cin abinci.

Mama ta tsaya a bayana da hannu a ƙugu. Ba ta yarda da abin ba ko kaɗan, ganinta duk dangin na'urar da ta kore ta ne. Na sa ta shiga ɗakinsu, ta tsaya gaban kabad a buɗe, tsakanin rigunan da ke rataye, inda murya ba ta dawowa, ta karanta sanarwa ɗaya a wayata. Na ɗora a shafin. Akwai jerin ɗakuna da aka riga aka shirya, ƙaramin ɗaki, babban zaure, kogo. Ni da karambanina na danna kogo. Muryar Mama ta fito kamar ana kiran mutum daga ƙasan rijiya. Baba ya yi dariya har gilashin idonsa ya faɗo cikin akwatin kayan agogo.

Mama ta ce, "Tashi."

Na tashi, ta zauna. Ta ce in nuna mata abin da kowane maɓalli yake yi. Guda huɗu ne masu muhimmanci, ana jansu hagu da dama. Ɗaya na girman ɗaki. Ɗaya na tsawon lokacin da amon zai ɗauka kafin ya mutu. Ɗaya na ɗan jinkirin da ke tsakanin magana da dawowarta. Na ƙarshe na yawan amon da za a gauraya da ainihin muryar. Rubutun shafin ba da Hausa yake ba, don haka na yayyanka takarda na rubuta mata sunayensu na manna a gefen allon. Ta sa abin sauraro a kunne, ta rufe ido, ta ja na farko kaɗan, ta saurara, ta girgiza kai.

Na tafi kasuwa na dawo na same ta a wurin. Ta ce, "Wannan zauren nasu na katako ne, yana da taushi. Nawa dutse ne da ƙarfe, yana da kaifi a sama." Ban san yadda ta ji hakan ba. Ni duk amsa-kuwwa ɗaya ce a kunnena. Muka nemo wani ƙaramin maɓalli a ƙasa mai rage kaifin amo, ta mayar da shi baya kusan gaba ɗaya, ta ce yanzu an fara magana.

Kwana tara ta yi a kan abin nan. Da safe in zan fita aiki in kunna mata, in na dawo da yamma in tarar da takardu cike da lambobi a rubutunta mai kwanciya. Ta koyi ɗora fayil da sauke shi da kanta. Sau biyu intanet ya yanke ta rasa duk saitin da ta yi, ta zagi kwamfutar zagin da ban taɓa jin ta yi wa mutum ba, sannan ta fara rubuta kowace lamba a takarda kafin ta taɓa wani abu.

Abin da ya dame ta shi ne tsawon amon. Kunnenta ya ce daƙiƙa uku ne da ɗan ɗoriya, amma ta ce ba za ta je gaban mutane da ɗan ɗoriya ba. Ta ari agogon auna lokaci a wurin Baba, ta je tasha, ta sayi tikitin tafiya mafi kusa don kada a ce ba ta da dalilin shiga. Ta jira lokacin da zauren ya ragu tsakanin jirage biyu, ta tsaya a tsakiya, ta tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ta danna agogo. Ta matsa kusa da tagar tikiti ta sake. Ta koma bakin ƙofa ta sake. Wani sabon mai gadi ya zo ya ce, "Mama, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau. An hana tafi ne?"

Ya ce a'a, amma dai.

Ta ce, "To matsa min kaɗan, jikinka yana shanye min amo."

Yayana yana tagarsa yana kallo, layin mutane a gabansa, abokan aikinsa suna ƙunshe dariya.

Daga nan sai samun muryar na'urar ita kaɗai, ba tare da amon zaure ba. Akwai lambar wayar da fasinjoji ke kira don jin lokutan jirage, kuma muryar ɗaya ce, saurin ɗaya. Muka kira, muka naɗa a cikin kabad ɗin nan. Mama ta karanta sanarwar iri ɗaya, kalma da kalma, da nata tsayawar. Ta ɗora biyun a shafin, ta ba su saiti ɗaya, ba ta canza ko ɗigo ba. Da ta kunna ta na'urar, wallahi tashar ce sak a cikin falonmu. Kalmomin suna hawa kan junansu, wutsiyar wannan tana rufe kan wancan. Ta kunna tata. Amon yana nan, bai ragu ba, amma kowace kalma tana fitowa bayan ta gabanta ta kwanta.

Ba ta tsaya nan ba. Ta tara mutum goma sha biyu a tsakar gida, maƙwabta da Baba, har da tela da matar mai wanki da wani malamin makaranta mai ritaya. Ta raba musu takarda ta ce kowa ya rubuta lambar dandamalin da ya ji, wanda bai iya rubutu ba ya ɗaga yatsu. A ta na'urar mutum huɗu ne suka dace. A tata, da wata lambar daban don kada su yi amfani da ta farko, sha ɗaya suka dace. Na sha biyun Baba ne, ya rubuta dandamali na arba'in don ya ja ta da faɗa.

Da yammacin ranar Yaya ya zo. Bai ko zauna ba. Ya ce, "Mama, so kike a kore ni?"

Ta ce, "Zauna mana."

Ya ce ba zai zauna ba. Ya ce manaja ya kira shi ya tambaye shi me mahaifiyarsa take nufi da zuwa tana tafi a zaure. Ya ce yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma kwantiraginsa na shekara-shekara ne. Ya ce, "Kin san abin da ake faɗa a wurin aiki? Cewa ake kishin na'ura kike yi."

Mama ta ajiye abin sauraron a kan tebur. Ta ce, "Ina yi. Shekara ashirin da shida ina kan kujerar nan, aka ɗaga ni aka ba ni fulas. Ina kishi, ba zan ɓoye maka ba. To sai me? Kishina ne ya zaunar da matar nan a dandamali na biyu? Kai da ke taga, mutum nawa ke zuwa kullum suna tambayarka abin da aka ce?"

Can ya ce, "Ba aikina ba ne."

Ta ce, "Nawa ne. Sun karɓe kujerar, ba su karɓe kunnen ba."

Ya juya ya fita. Sati uku bai tako gidan ba, bai kuma bari yaran sun zo ba. Mama ba ta kira shi ba. Amma na ga yadda take tsayawa da dutsen guga a kan riga ɗaya har sai ta fara wari, kuma in aka ƙwanƙwasa ƙofa ita take fara ɗaga kai. Baba ya daina tsokana a kwanakin. Sau ɗaya ya ce mata ko za ta haƙura saboda yaron. Ta ce, "In na haƙura me na koya masa?" Bai sake ba.

Duk bayan wata uku hukumar tashar tana zama da wakilan fasinjoji a ɗakin taro na hawa na biyu, kuma duk mai tikiti yana iya shiga ya saurara. Na ɗauki hutun rabin yini na raka ta. Ita ta riƙe kwamfuta, ni na riƙe lasifikar da muka aro a wurin tela. Akwai wata babbar jami'a daga hedikwata a kan kujerar tsakiya, mace mai furfura da tabarau a kan hanci, sai manaja a damanta, sai injiniyan kamfanin na'urar a hagunta. Aka yi ta zancen banɗaki da fitilu. Da aka zo ƙarshe manaja ya fara tattara takardunsa, sai Mama ta miƙe.

Ya ce, "Hajiya, wannan zama na fasinjoji ne."

Ta ɗaga tikiti sama. Ta ce, "Ga shi. Na yau ne."

Jami'ar ta dube ta ta saman tabarau ta ce tana da minti uku.

Mama ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce za ta kunna sanarwa biyu yadda ake jinsu a zaure, kowa ya faɗi dandamalin da ya ji. Ta kunna ta na'urar. Wani ya ce biyu, wata ta ce biyar, wani dattijo ya ce shi dai ya ji ana magana. Ta kunna tata, ɗakin ya amsa baki ɗaya.

Injiniyan ya yi dariya. Ya ce cikin ladabi ai wannan ba hujja ba ce, kowa zai iya cika amo a kan murya har ta lalace, shafukan nan na wasa ne, ita ta zaɓi lambobin da suka yi mata daɗi.

Mama ta ce, "Gaskiyarka. Zo ka zaɓa da kanka." Na haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayata, ta buɗe shafin, ta juya masa. Ya taso yana murmushi, ya sunkuya, ya duba saitin. Ya tambaye ta inda ta samo tsawon amon. Ta ce da tafi da agogon mijinta. Ya koma ya buɗe jakarsa, ya zaro wata takarda ta awon ginin, ya duba, ya sake duba allon. Murmushin ya tafi. Jami'ar ta tambaye shi nawa ne bambancin. Ya ce, ƙasa-ƙasa, bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Ta tambaye shi a ina suka gwada muryar kafin su kawo. Ya ce a ofis.

Jami'ar ta cire tabarau ta ce a sauka ƙasa. Muka sauka gaba ɗaya, mutum kusan ashirin, muka tsaya a tsakiyar zauren fasinjoji suna kallonmu. Ta sa manaja ya juya wa allon lokutai baya. Aka jira. Na'urar ta yi sanarwa. Jami'ar ta ce wa manaja, "Wane dandamali?" Ya ce na biyu. Tsohon ɗan dakon nan da ke wucewa da kaya a kai ya ce, "Na biyar ne, ranka ya daɗe," ya wuce abinsa. Na hango Yaya a bayan gilashin tagarsa, ya sunkuyar da kai yana buga hatimi a kan tikiti.

Ba a mayar da Mama aiki ba. Ta ce ba don haka ta yi ba, amma ni na san ta sa rai, don sati biyu ta yi tana ajiye waya kusa da ita ko kicin za ta shiga. Abin da aka yi shi ne aka rage wa na'urar sauri. Takardar da aka manna a tasha ta ce sashen fasaha ya inganta tsarin sanarwa. Babu ambatonta ko a ƙasan layi. Ta karanta a tsaye, ta ce, "Sashen fasaha yana gaishe ku," ta juya muka tafi.

Sai dai rage sauri kaɗai bai gyara ba, don na'urar ba ta san inda ake tsayawa ba. Tana tsayawa a tsakiyar lamba, ta haɗe wuraren da ya kamata ta raba. Wata safiya injiniyan ya zo gidanmu da takardu shafi goma sha huɗu, duk jimlolin da na'urar ke faɗa, yana roƙon ta sa masa alama a inda za a dakata da tsawon dakatawar. Ta bar shi a baranda wurin Baba kusan rabin awa tana shanya wanki. Da ta fito ta ce za ta yi, amma sai an rubuto mata takarda daga hedikwata da sunanta a kai cewa ita ta yi aikin, sai an biya ta kamar yadda ake biyan kowane mai ba da shawara, sai kuma an ba ta katin shiga zaure duk lokacin da take so ta saurara. Ya ce na farko da na biyu masu sauƙi ne, na ukun manaja ba zai so ba. Ta ce, "To ya sa alamar da kansa." Bayan kwana goma katin ya iso.

Ta yi aikin a teburin cin abinci, jimla bayan jimla. Ta sa alama, ta karanta, ta ɗora a shafin da saitin zaurenta, ta saurara, ta goge ta sake. Ta sa aka mayar da faɗin "yatsun hannu guda" bayan kowane biyar. Daga baya injiniyan ya haɗa ta da babban asibiti, inda masu jiran magani ba sa jin lambar da ake kira, sannan da wata tashar motoci mai rufin kwano. Yanzu tana da littafi da ta rubuta saitin wurare bakwai a ciki, kowane da shafinsa. Ta sayi tata kwamfutar, ta mayar min da tawa da takardun nan manne a gefe.

Bara kamfanin ya zo da wata magana. Sun ce mutane sun fi son muryarta, don haka suna so ta shiga ɗakin naɗa murya ta yi karatu na kwana uku, su koya wa na'ura muryar, daga nan na'urar ta riƙa faɗar komai da ita a duk tashoshinsu. Tayin mai kyau ne ƙwarai. Aka yi zaman gida a kai ranar Lahadi da rana, har da Yaya, wanda ya dawo zuwa gidan a hankali, da farko da hujjar kawo yara, ba tare da an taɓa tayar da tsohon zancen ba.

Baba ya ce ta karɓa, rufin ɗakin baya yana yoyo, kuma ai girma ne a ji muryarta ko'ina. Ni ma na goyi bayansa. Mama ta tambayi abu ɗaya, in an koya wa na'urar, wa zai yanke abin da za ta faɗa? Na ce su. Ta ce, in suka sa ta ta ce jirgi yana kan hanya alhali bai ko taso ba, da muryar wa za a yi ƙaryar?

Ta ce, "Ba zan ba da ba. In suna son alama zan sa musu alama har in mutu. Muryata kuma ba za ta yi magana a inda ba na nan ba."

Baba ya ɗaga hannu sama ya ce shi dai Allah ya haɗa shi da mace mai taurin kai. Ya juya wurin Yaya ya ce, "Kai ka yi mata magana mana, kai ne babba."

Yaya yana ɗaure wa ƙaramar 'yarsa igiyar takalmi. Bai ɗago ba ya ce, "Baba, a bar ta. Rufin ni zan kawo mai gyara ranar Asabar."

Washegari Mama ta kira injiniyan da kanta ta gaya masa. Ya ce ta sake tunani, irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Ta ce ta gode, ta riga ta yi tunanin, sannan ta tambaye shi yaushe zai turo mata jimlolin sabon layin da za a buɗe, don ta ji an ce akwai dandamali har goma sha biyu, kuma tana so ta fara da wuri.